Al'adar Wa? Abin Da Ya Kamata Ku Sani Game Da Nazarin Al'ada, Daga Bebeji Zuwa Riruwai

A shekarar 2016 gwamnatin tarayya ta bayyana cewa za ta gina wa masu sana'ar fim wata katafariyar cibiya a garin Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, a kan kuɗi kimanin Naira biliyan 3. Ko tubali ɗaya ba a aza ba gari ya ɗauka. Malamai da dama suka hau mumbari suka ce wurin zai zama matattarar ɓata tarbiyya, kuma ya ci karo da addini da al'adar mutanen Kano. 'Yan fim da magoya bayansu suka ce ai su ne masu raya al'adar, tunda su suka kai harshen Hausa da suturar Bahaushe gidajen da a da ba a san su ba. Kafin watan Yuli ya ƙare gwamnati ta janye hannu, aka rufe maganar.

Yanke hukuncin wa ya fi gaskiya ba shi ya kawo ni ba. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, ɓangarorin nan biyu da sunan abu ɗaya suka ja daga, kuma kowa har zuciyarsa ya yarda da abin da yake faɗa. To al'adar wa ake karewa? Wa ya ba wani ikon ya ce wannan namu ne, wancan baƙo ne? Me ya sa muryar mumbari ta rinjayi biliyan 3? Manomin Kofa fa, da matarsa mai kallon fina-finan a waya bayan sallar isha'i, ina tasu muryar? Akwai fannin ilimi da ba shi da wani aiki sai irin waɗannan tambayoyi. Reshe ne na ilimin zamantakewa, wanda 'yan jami'a ke kira soshiyoloji, kuma shi wannan reshe al'ada ya sa a gaba.

Idan aka ce al'ada, hankalin yawancinmu biki da suna da hawan salla yake tafiya. A wajen masu wannan fanni abin ya fi haka faɗi. Wani Bature ɗan Ingila, Edward Tylor, ya bayyana ta a littafinsa na 1871 da cewa ita ce duk abin da mutum ya koya don yana cikin jama'a, wanda ba da shi aka haife shi ba. Ke nan tsugunawa a gai da babba al'ada ce, ƙin cin abinci a gaban suruki al'ada ce, haka abin da ido ke gani ya ce ya yi kyau, da abin da ke sa mutum ya sunkuyar da kai, da rabon aiki tsakanin maza da mata. Tun kafin Tylor da shekara kusan 500, Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya riga ya share fagen a Muƙaddimarsa ta 1377. Ya kwatanta halin mutanen daji da ƙauye da na mutanen birni, ya ce bambancin ɗabi'unsu daga bambancin hanyar neman abincinsu ya taso. Wannan magana tasa za mu same ta tsaye a gonakin Doguwa.

Sai a bambance aikin mutum uku. Malamin fiƙihu tambayarsa ita ce halas ne ko haram, kuma ba za a taɓa wadatuwa da barin wannan tambaya ba; Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya rubuta littattafai irin su Ihya'us Sunna don tace al'adun ƙasar Hausa. Malamin sashen Hausa yana tattara yadda ake yi: ga kamu, ga sa lalle, ga buɗar kai. Shi kuwa mai nazarin zamantakewa yana tambayar wa ke yi, wa ke biya, wa ke amfana, wa ke da halin ya ƙi, kuma me zai same shi in ya ƙi. Ba kishiyar malami ba ne. Hasali ma mai wa'azin da ya san dalilin da ya sa mutane suka riƙe wani abu gam ya fi kusa da a saurare shi.

A ganina babu ajin da ya fi kudancin Kano dacewa da koyon wannan darasi. Ka baro birni ta hanyar Zariya, ka karya a Kwanar Ɗangora cikin ƙasar Kiru, ka wuce Tudun Wadan Ɗankadai, ka ratsa dajin Falgore, sai ga ka a ƙasar Doguwa, inda duwatsu suka fara tashi, ruwan sama ya fi yawa, hanya kuma ta miƙe zuwa Saminaka da Jos. Hedikwatar ƙaramar hukumar tana Riruwai, can cikin duwatsu. Jihar Kaduna na gefe guda, Bauchi na ɗaya gefen. A wannan yanki akwai Hausawa manoma da 'yan kasuwa, akwai Fulani na gida da na rugga, akwai Kurama masu harshensu na kansu, akwai Maguzawa, akwai jikokin waɗanda haƙar kuza ta kawo daga nesa. Musulmi ne suka fi yawa, ga kuma Kirista. Duk wanda ya tashi a taron nan ya ce "al'adarmu", dole a tambaye shi su wa ke cikin wannan "mu" ɗin.

Maguzawa su ne suka fara ja hankalin masu bincike. Joseph Greenberg, wani Ba'amurke, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafinsa a 1946. Wanda ya je neman al'adar Bahaushe tsantsa wadda Musulunci bai taɓa ba, ba zai same ta a can ba, domin abin da Greenberg ya tarar shi ne ko bautar iskokinsu ta sha ruwan Musulunci: sun yarda Allah ne a sama da komai, kuma iskokin nasu an riga an haɗa su da aljannu. Ƙarnuka na maƙwabtaka da ciniki da biyan jiziya ba su bar kowa yadda suka same shi ba. Yau da yawansu sun musulunta, da yawa sun shiga coci, suna kuma nan da Hausarsu da nomansu.

Ƙarfin da ba a gani

Emile Durkheim, Bafaranshen da ake lissafawa cikin iyayen wannan ilimi, ya ce a littafinsa na 1895 al'amuran jama'a suna da ƙarfi a kan mutum ko yana so ko ba ya so, kuma ba ka sanin ƙarfin sai ranar da ka gwada bijirewa. Babu dokar gwamnati da ta hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Babu ɗan sandan da zai kama ta. Amma ta kira ɗin a cikin mata ta ga irin kallon da za a yi mata. Gori da tsegumi da kunya su ne 'yan sandan al'ada, kuma ba sa karɓar beli.

Inda wannan ƙarfi ya fi fitowa fili shi ne kayan ɗaki. Da kaka ta yi, masara ta shiga buhu, za ka ji irin wannan hira a gidaje da yawa daga Bebeji har Doguwa.

"Malam, buhu nawa za a fitar na kayan yarinyar nan?"

"Ba mun gama magana ba? Gado da katifa da kujeru ai sun wadatar."

"A wajenka suka wadatar. Ni ce zan shiga cikin mata. So kake dangin miji su riƙa yi mata gori har ta tsufa?"

Ka lura ko sunan 'yar ba a ambata ba, don ta fari ce. Malam ya san cewa addini bai ɗora masa kabad da firji ba, ya kuma san idan ya sayar da masara yanzu da arha, da tsada zai sayo ta a damina. Duk da haka zai fitar. Ranar jere gwaggonni da innoni za su tafi da safe, su share ɗaki, su kafa gado, su jera kwanuka manya a ƙasa ƙanana a sama, su ja baya su duba, su sake gyarawa. Da yamma matan unguwa za su shigo ganin ɗaki, bakinsu na cewa "Allah ya sa alheri", idonsu na ƙirga. Kafin magariba kowa ya san matsayin gidan da amarya ta fito.

Pierre Bourdieu, wani Bafaranshe da ya fara bincikensa a ƙauyukan Aljeriya a ƙarshen shekarun 1950, shi ya fi kowa bayyana abin da ke faruwa a ɗakin nan. A littafinsa na 1979 ya nuna cewa abin da mutum yake so na ci da sawa da ƙawata gida yana bin matsayinsa, kuma da shi ake rarrabe manya da ƙanana ba tare da an furta ba. Ya ce dukiya ba kuɗi kaɗai ba ce: sanin mutane dukiya ne, iya magana da iya shiga taro da takardar makaranta dukiya ne, kuma ana canza ɗaya a sami ɗaya. Buhun masarar Malam ya zama kwano, kwano ya zama mutunci, mutuncin kuma shi zai sa a nemi auren ƙannen amarya daga gidan kirki.

Kayan jeren kansu ba su tsaya wuri ɗaya ba. Kakanninmu ƙore da akusa suka jera. Aka koma tasoshi, aka koma kwalla da samira, sannan tangaran, yau ana maganar talabijin da firji da sola. Atamfar da lefe ba ya cika sai da ita, asalinta masaƙun ƙasar Holan ne suka kwaikwayi rinin mutanen Indunisiya. Kayan suna sauyawa, gasar tana nan. Akwai kuma abin da masu sukar almubazzaranci kan manta: kayan ɗaki mallakin mace ne. In talauci ya matsa ta sayar da kwano, in ta tashi aurar da 'yarta ta rage daga nata, in aure ya mutu da su za ta fita. Shi ya sa sau da yawa dattawan gari ko malamai kan taru su ƙayyade lefe da kayan ɗaki, a yi shekara ɗaya ko biyu abin ya dawo. An soke kwano, ba a ba mace wani abin dogaro a madadinsa ba. Ina cikin masu ganin nauyin ya yi wa talaka yawa, amma duk gyaran da aka yi shi a zaure ba a ji ta bakin matan cikin gida ba, ba zai kai kaka biyu ba.

Max Weber na ƙasar Jamus ya duba abin ta wata fuskar. A rubutunsa na 1904 zuwa 1905 ya nuna yadda aƙidar wasu Kiristocin Turai, masu ganin aiki tuƙuru da tsimi a matsayin ibada, ta taimaka wajen haɓakar jari-hujja. Wato abin da ke cikin zuciya yana iya juya abin da ke cikin aljihu. Bebeji na da misalin da ya fi wannan kusa da mu. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Paul Lovejoy, wanda ya rubuta tarihin fataucin goro a 1980, ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa asalinsu daga ƙasar Buzaye suka gangaro, suka zauna, suka zama Hausawa, amma suka riƙe asalinsu a matsayin jari. Ba banki, ba takardar yarjejeniya, tafiya ta watanni. Abin da ya sa mutum zai ba wani kaya bashi ya tafi Gwanja shi ne asali ɗaya, auratayya, zanen fuska da ake gane juna da shi, da tsoron Allah da tsoron zubewar suna. Yaro yana tashi ya ga madugu, ya koyi lissafi da tsimi da riƙon amana kafin ya san ana kiran su ilimi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, waɗanda suka riga suka mallaki wannan tarbiyya su suka fi cin moriya. Ɗantata ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Wani misalin ya fito ta ɗaya ƙarshen hanyar. A Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris. Muhawarar da ke tsakaninta da 'yan ɗariƙa ta malamai ce, su suka san hujjojinsu. Mai nazarin zamantakewa abin da zai tambaya shi ne su wa suka fi karɓar kiran. Ousmane Kane, wanda ya yi bincikensa a Kano ya buga shi a 2003, ya nuna yadda kiran ya sami shiga wajen matasa da 'yan kasuwa da ma'aikata, mutanen da ke son sauƙin bukukuwa da 'yancin kansu daga wasu nauye-nauyen manya. Wannan bai rage wa kowa ikhlasinsa ba. Yana dai nuna cewa wa'azi yana sauka ne a kan mutane masu bashi da buri da surukai.

Kada a ɗauka mutum ɗan amshin shata ne kawai a hannun al'ada. Ann Swidler, wata masaniya 'yar Amurka, ta kawo wata fahimta a 1986 wadda na fi gamsuwa da ita: al'ada tarin kayan aiki ce da mutum ke zaɓa daga ciki gwargwadon buƙata. Kamar zabirar wanzami take, akwai aska, akwai ƙaho, akwai 'yar tsaga, kuma ba duka yake fitarwa a kan kowane kai ba. Saurayi ɗaya zai tsuguna har ƙasa gaban kawunsa da safe, da rana ya yi cinikin masara da Ibo cikin turancin kasuwa, da dare ya hau Facebook ya yi musun siyasa da sa'an ubansa ba ko "ranka ya daɗe". Bai zama mutum uku ba. Ya san inda kowane kaya ke aiki.

Riruwai ta daɗe da sanin haka. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin suna narka kuza suna sayar wa fatake. Da kamfanonin Turawa suka mamaye haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, daga Jos har zuwa nan, sai barikoki suka tashi, leburori suka taru daga ƙasashe daban-daban, a lokacin yaƙin duniya na biyu ma, daga 1942 zuwa 1944, da ƙarfin hukuma aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa filayen kuza. A bariki babu gandu, babu idon dangi, albashi ake biya a hannu. Mutumin da a garinsu ba ya cin abinci da wani saboda asali, a nan kwano ɗaya suke sa hannu. Hausa ta zama harshen kowa. Mutanen ƙauye suka riƙa kallon ɗan bariki a matsayin wanda ya fita daga tarbiyya, alhali wata tarbiyyar ce ta daban ta tsiro, mai nata dokoki na abota da bashi da taimakon baƙo. Da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, aikin kamfanoni ya durƙushe, amma iyalan da ya tara da irin zaman da ya koya musu ba su tashi ba.

Wa ke riƙe da ma'auni?

Tambayar da wannan fanni ya fi matsa wa a kai ita ce ta iko. A cikin al'adu da yawa da ke zaune wuri ɗaya, wata ce ake ɗauka a matsayin ta ƙwarai, sauran a kira su ƙauyanci. Daidaitacciyar Hausa da ake koyarwa a makaranta a kan karin harshen Kano aka gina ta, aka kuma yaɗa ta ta littattafan da aka buga a Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. An yi aiki mai amfani, amma yaron da ya zo makarantar kwana daga bayan Falgore da irin lafazin gidansu ya san dariyar da ake yi masa. Yaron Kurama kuwa sai ya ajiye harshen uwarsa a ƙofar aji. A fim ma baƙauye shi ne abin dariya: hula a karkace, baki a buɗe, yana tsoron mota. Wannan abu yana ci mini rai, domin masarar da ake sauke wa a kasuwar Dawanau, wadda birni ke tuƙa tuwo da ita, daga gonar wannan da ake yi wa dariya take fitowa. Haka ake yi wa masu sana'ar gado. Kowa na buƙatar mahauci da maƙeri da wanzami da makaɗi, amma in maganar aure ta taso sai a fara binciken asali. Wani masani, M. G. Smith, ya rubuta a kan wannan tsani na daraja a ƙasar Hausa tun 1959, kuma kuɗi da boko sun girgiza tsanin amma ba su kayar da shi ba.

Hukuma ma tana da hannu dumu-dumu. A 2001 jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai, wato ofis mai hatimi da ke yanke abin da ya dace da al'ada. A 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, aka sa Doguwa da Tudun Wada da Bebeji ƙarƙashin Rano. A 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar. Cikin shekara biyar, fadar da hakimi zai kai gaisuwar salla ta sauya sau biyu, da sa hannun majalisar dokoki. Masu goyon baya sun kafa hujja da tarihi, tunda Rano na cikin Hausa Bakwai. Masu adawa ma da tarihi suka kafa tasu. Kowa ya shiga rumbun tarihi ya ɗebo abin da zai yi masa amfani yau, kuma masana tarihi irin su Eric Hobsbawm da Terence Ranger sun nuna tun 1983 cewa haka ake yi a ko'ina, har a fadar Ingila.

Gona ita ce uwa

Mu koma ga maganar Ibnu Khaldun, wadda Karl Marx ya zo ya tsananta ta a ƙarni na 19: yadda mutane ke samun abinci shi ke tsara yawancin sauran zamansu. Dattijon da ya haura saba'in a Doguwa ya san lokacin da dawa ce abincin gida, masara kuwa 'yar bayan gida ce da ake gasawa yara su ci kafin sabon hatsi ya nuna. Daga shekarun 1970 aka samu ingantaccen iri daga cibiyoyin bincike na Ibadan da Samaru, ga takin zamani mai rahusa, ga shirye-shiryen bunƙasa noma irin wanda aka fara a Funtuwa a 1975, daga baya kuma shirin Sasakawa da ya shigo Nijeriya a 1992. Ƙasa mai ruwa irin ta Doguwa da Saminaka ta karɓi masara hannu biyu. Yau yaro zai rantse tuwon masara abincin kaka da kakanni ne.

Masara ba tuwo kaɗai ta canza ba. Amfanin sayarwa ce, tana son taki, taki yana son kuɗi. Da noma ya koma lissafin kuɗi, gayya ta fara ja da baya. A da mai gona zai sanar, a dama fura, a kira makaɗi, samari su jeru da fartanya suna gasar kai kunya, gobe a koma gonar wani. Yanzu ɗan ƙwadago ake ɗauka a biya shi, ko a sayi maganin feshi mutum ɗaya ya goya tanki ya gama da ciyawar da a da sai mutum ashirin. Makaɗin gayya ya rasa fage, kiɗan noma da kirarin gwanayen noma suka bi shi. Ba wa'azi ne ya kashe su ba, ba kuma fim ba. Gandu ma haka: a da uba da 'ya'yansa suna noma tare, shi ya biya musu haraji ya yi musu auren fari, su kuma su yi gayaunarsu a lokacin da aka ware musu. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta buga a 1972, ta gano cewa gandu ya fi ɗorewa a gidan mai hali, domin ɗan talaka ba shi da abin da zai tsaya jira. Saurayin da babur ɗin haya ke ba shi kuɗin kansa, biyayyarsa ga gandu ba za ta zama irin ta ubansa ba, ko da yana ƙaunar uban kamar ransa.

Ko kulle yana da nasa tarihin tattalin arziki. M. G. Smith da matarsa Mary sun yi aiki a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, inda Mary ta rubuta tarihin rayuwar Baba, wata dattijuwa da ta tashi a Karo kusa da Zarewa, can iyakar Kano da Zazzau. Smith ya lura cewa a zamanin bauta bayi mata ne ke aikin gona, don haka da bauta ta ƙare, matan da suka sami 'yanci suka janye daga gona, domin zama a gida shi ne alamar 'ya mace mai 'yanci. Dalilin addini na nan, ga kuma dalilin daraja ya haɗu da shi. Matan Maguzawa kuwa, waɗanda ba su bi ta wannan hanya ba, an san su da noma da gonakinsu na kansu.

Madatsar ruwa ta Tiga, da aka gina daga 1971 zuwa 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta tashi ƙauyuka, ta kawo masunta, ta kuma buɗe noman rani a Kadawa da kewaye. Wanda a da yake ɗaure kaya ya tafi cin rani da an gama girbi, sai ya sami abin yi a gida. Dajin Falgore kuma, da aka keɓe tun shekarun 1940 aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960, ya sa farautar da a da ake yi wa kirari ta zama laifin da ake kama mutum a kai.

Wurin da wannan ilimi ya fi zama na rai da mutuwa shi ne tsakanin manomi da makiyayi. A da akwai ciniki a tsakaninsu wanda ba a rubuta ba. In an kwashe amfani, manomi da kansa yake roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, har a haɗa masa da damin dawa. Matan rugga su kawo nono su koma da hatsi. A kan wannan ciniki aka gina sabo da wasa da kiran juna aboki, kuma in saniya ta yi ɓarna, ardo da mai unguwa su zauna su kashe maganar kafin ta kai gaban alƙali. Takin zamani ya rage wa manomi buƙatar kashin shanu. Kara da harawa sun zama kayan sayarwa, ana tarawa a ɗaure. Fadamar da shanu ke sha da rani ta zama lambu. Burtali ya shige cikin gona saboda yawan jama'a. Dattawan ɓangarorin biyu kan ce yaran yanzu ba su da kunya, kuma akwai gaskiya a ciki, amma yaran sun tashi ne ba su taɓa ganin ranar da uban wannan ya buƙaci uban wancan ba. Kwamitin sulhun da ya tara su ya yi musu nasihar zaman lafiya kawai, ya tashi bai taɓo maganar burtali da mashaya da farashin kara ba, da kaka mai zuwa zai sake zama a kan rigimar.